Kwana shida a Nashville: dalilin da ya hana faifan "Will the Circle Be Unbroken" tsufa

Mafi yawan waɗanda suka taso da sauraron kiɗan kantiri a Najeriya sun san shi ne ta muryoyin Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton, waɗanda gidajen rediyo da kaset-kaset suka shigo mana da su har cikin ɗakuna da motocin haya. Wannan kiɗa ne mai taushi, wanda aka wanke aka goge kafin a fito da shi kasuwa. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani tsohon kiɗa mai kaushi, na manoma da masu haƙar kwal da 'yan coci na tsaunukan Appalachia a kudu maso gabashin Amurka, kuma duk wanda yake son ya ji wannan tushe a wuri guda, da wuya ya sami abin da ya kai kundin waƙoƙin da ƙungiyar Nitty Gritty Dirt Band ta fitar a ƙarshen shekarar 1972 da sunan "Will the Circle Be Unbroken", wato "Shin da'irar za ta ɗore ba ta yanke ba?". Fayafayan garmaho uku ne a kwali ɗaya, masu ɗauke da waƙoƙi da kaɗe-kaɗe fiye da talatin, an ɗauke su cikin kwana shida kacal, kuma yau fiye da shekara hamsin ke nan ana sayensu ana koyon kiɗa da su. Tambayar da ta cancanci fashin baƙi ita ce abin da ya sa wannan aiki ya daɗe, alhali fayafayai da yawa da suka fi shi ciniki a zamaninsa sun shige kwandon mantuwa.

Kafin a gane darajarsa dole ne a san halin da kiɗan yake ciki a lokacin. Masu tarihi sukan ɗauki shekarar 1927 a matsayin babban mafarin kasuwancin wannan kiɗa, domin a cikinta ne Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar sauti a garin Bristol, a kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, ya ɗauki iyalin Carter da kuma Jimmie Rodgers. Abin da aka ɗauka a wancan lokaci murya ce da jita da goge da banjo, wani kayan kiɗa mai tsirkiya da fata, babu wani ƙawa. Shekara talatin bayan haka sai kiɗan samari na rok ya kwashe masu saye, su kuma manyan masu shirya fayafayai na birnin Nashville, irin su Chet Atkins da Owen Bradley, suka nemi mafita ta hanyar cire gogen ƙauye da banjo, suka maye gurbinsu da tarin gogunan zamani da fiyano da 'yan amshi masu sanyin murya. Dabarar ta yi aiki, kuɗi sun shigo, kuma daga cikinta ne Jim Reeves ya sami muryar da ta ratsa duniya. Sai dai ta bar baya da ƙura, domin zuwa farkon shekarun 1970 dattawan da suka kafa kiɗan sun zama kamar tsofaffin kayan gida da ake girmamawa amma ba a amfani da su. Ana tafa musu a dandalin Grand Ole Opry, shirin rediyon da ya fara tun 1925, amma gidajen rediyon kasuwanci ba sa juya sababbin waƙoƙinsu.

A ɗaya gefen kuma Amurka ta rabu gida biyu a kan yaƙin Biyetnam. Samari masu dogon gashi suna zanga-zanga, dattawan kudu suna kallonsu a matsayin marasa tarbiyya da kishin ƙasa, kuma kiɗan kantiri ya zama tutar ɓangaren masu ra'ayin riƙau, musamman bayan waƙar Merle Haggard ta 1969 mai suna "Okie from Muskogee". 'Yan Nitty Gritty Dirt Band suna cikin masu dogon gashin. Samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, ƙungiyarsu ta samo asali a Long Beach ta jihar Kalifoniya a 1966, kuma sun yi suna da waƙar "Mr. Bojangles" wadda ta shiga cikin goma na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a farkon 1971. Wannan nasara ce ta sa kamfanin United Artists ya yarda ya ba su kuɗin yin wani aiki da babu wanda ya zaci zai kawo riba.

Wanda ya buɗe musu ƙofa shi ne Earl Scruggs, mashahurin makaɗin banjo. Shi dattijo ne a cikin sana'ar, amma ya riga ya rabu da abokin aikinsa Lester Flatt a 1969, yana kiɗa tare da 'ya'yansa, har ma ya hau dandali a babban gangamin adawa da yaƙi da aka yi a Washinton a watan Nuwamba na wannan shekara. Da John McEuen, makaɗin banjo na ƙungiyar, ya roƙe shi ya yi faifai da su, sai ya amince, Doc Watson ma ya amince, daga nan kuma Scruggs da matarsa Louise suka taimaka wajen jawo sauran. Maybelle Carter ta wancan iyalin Carter ta zo, Merle Travis ya zo, Jimmy Martin ya zo, aka samo Vassar Clements ya riƙe goge, Junior Huskey kuma ya riƙe babbar jitar tsaye mai kaurin amo. Bill Monroe, wanda ake kira uban salon bulugiras, wato kiɗan tsirkiya mai sauri na banjo da goge da jita, ya ƙi zuwa. Roy Acuff, wanda yake Opry tun 1938 har ake masa laƙabi da sarkin kiɗan kantiri, kuma ya taɓa tsayawa takarar gwamnan Tennessee a jam'iyyar Republican a 1948, ya fito fili ya nuna shakkunsa a kan waɗannan yara masu gashi da gemu, amma daga ƙarshe ya shigo ɗakin ɗaukar sauti na Woodland a watan Agustan 1971, ya saurari abin da aka riga aka ɗauka, sannan ya yarda ya rera.

Wannan labarin sulhu tsakanin tsoho da yaro shi ne abin da aka fi maimaitawa duk lokacin da aka yi maganar faifan, kuma a ganina an fi ba shi nauyin da ya wuce kima. Yaƙin Biyetnam ya ƙare tun 1975, dogon gashi ya daina zama abin faɗa, kuma wanda aka haifa a 1995 ba ya jin komai game da wannan rigima idan ya sa faifan a kunne. Da a ce darajar aikin ta tsaya a kan siyasar lokacinsa, da ta tafi tare da lokacin. Abin da ya saura bayan ƙurar ta lafa shi ne yadda aka ɗauki sautin da kuma hannayen da aka ɗauka.

William McEuen, yayan John, shi ne ya shirya aikin, kuma ya yanke shawarar a ɗauki komai kai tsaye a kan tef mai layi biyu. Ma'anar wannan ga wanda bai san aikin situdiyo ba ita ce, a tsarin da aka saba a lokacin kowane kayan kiɗa yana da nasa layi a kan tef, ta yadda idan mai goge ya yi kuskure za a iya share nasa kaɗai a sake, ko a ƙara 'yan amshi bayan mako guda. A tef mai layi biyu babu wannan dama. Makaɗa suna zaune kusa da juna, kowa yana jin kowa, ana daidaita sautin a daidai lokacin da ake kaɗawa, kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan. Yawancin waƙoƙin a karo na farko ko na biyu aka kammala su. A cikin faifan ana jin Acuff da bakinsa yana gargaɗin samarin cewa su zuba duk abin da suke da shi a karon farko, domin kowane maimaici yana rage wa waƙa wani abu. Kayan kiɗan kuma kusan duka na katako da tsirkiya ne, waɗanda ba sa buƙatar lantarki, kuma a nan ne sirrin rashin tsufan yake. Kowane zamani yana da irin kwalliyar sautin da yake yayi, kuma kwalliyar ce take fara tsufa, shi ya sa mai sauraro yake iya gane faifan shekarun 1980 daga bugun gangar farko. Amon jitar katako a cikin ɗaki kuwa yadda yake a 1971 haka yake a yau, don haka babu wani abin yayi a jikin faifan da zai nuna shekarunsa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma makaɗa sun fi kowa saninsa. A cikin wancan ɗaki an tara mutum huɗu waɗanda kowannensu ya kafa salon kaɗa tsirkiya da ake kira da sunansa ko ake danganta shi da shi har gobe. Maybelle Carter, wadda aka haifa a 1909, ita ce ta yaɗa salon da ake fitar da karin waƙa da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu kuma suna share sirara domin riƙe kiɗa, abin da ya mayar da jita daga mai rakiya zuwa mai jan gaba. Merle Travis ya juya lamarin, babban yatsansa yana tafiya tsakanin tsirkiyoyi masu kauri kamar mai buga ganga, yana danne amonsu da gefen tafin hannu, manunin yatsa kuma yana fitar da karin a sama, har mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne suke kiɗa. Doc Watson, makaho tun yana jariri daga ƙauyen Deep Gap na jihar North Carolina, ya ɗauki kaɗe-kaɗen rawa masu sauri waɗanda aka san su da goge ya mayar da su kan jita da ɗan tsinken roba guda, kowane amo yana fita a ware tsaf kamar ana ƙirga tsaba. Shi kuma Scruggs, tun da ya shiga ƙungiyar Monroe a ƙarshen 1945, ya sa banjo ya riƙa zuba kamar ruwan sama a kan kwano ta hanyar juya yatsu uku a jere. Kowannensu yana da nasa fayafayan, amma a nan ne aka same su kafaɗa da kafaɗa, da sauti mai tsabta, suna karɓa daga hannun juna a cikin waƙa guda. Ɗalibin da ya saurari "Black Mountain Rag" na Watson ya bi shi da "Cannonball Rag" na Travis ya sami darasin da zai ɗauke shi shekaru yana bitarsa, kuma ɗimbin makaɗan bulugiras na baya sun faɗa da bakinsu cewa wannan kwali ne makarantarsu ta farko.

William McEuen ya kuma yi wata dabara da ta zama rabin darajar aikin. Ya bar wani tef na daban yana juyawa ko da ba a kiɗa, sannan ya saka guntayen hirar da aka kama a tsakanin waƙoƙi. Ana jin Maybelle Carter tana shawara cikin ladabi a kan yadda za a fara waƙa, samarin suna amsa mata da girmamawa irin ta jika ga kaka. Ana jin Jimmy Martin da zafin kansa yana tsara wa kowa inda zai shigo. Mafi daɗi shi ne haɗuwar Doc Watson da Merle Travis, wadda ita ce ta farko a rayuwarsu, alhali Watson ya daɗe yana ƙaunar kiɗan Travis har ya raɗa wa ɗansa suna Merle. Manyan gwanaye biyu suna yabon juna cikin kunya, kowanne yana ƙanƙan da kansa, kuma na'ura tana ɗauka. Irin wannan hira ita ce ke nuna yadda ake miƙa sana'a daga hannu zuwa hannu, abin da rubutaccen tarihi ba ya iya kamawa. Wanda ya taɓa jin tsohon kaset na Mamman Shata da aka ɗauka a filin wasa, inda ake jin hayaniyar jama'a da maganarsa da makaɗa, ya san bambancin da ke tsakanin waƙa da zaman da ya haifi waƙar.

Yawancin waƙoƙin da kansu ba sababbi ba ne, kuma wannan ma ƙarfi ne. An zaɓo su daga abin da ya riga ya jure shekaru masu yawa a bakin jama'a, wato lokaci ya riga ya sheƙe su ya zubar da ƙaiƙayi. "Dark as a Dungeon" ta Travis, wanda mahaifinsa ma'aikacin ramin kwal ne a gundumar Muhlenberg ta Kentucky, gargaɗi ce ga samari kada su nemi arziki a cikin rami, tare da amincewa cewa aikin yana shiga jinin mutum har ya kasa barinsa. "Wreck on the Highway" da Acuff ya rera tana ba da labarin haɗarin mota inda barasa da jini suka gauraya a kan titi kuma ba a ji mai addu'a ba. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta ta samo asali daga wata waƙar coci ta 1907 wadda Ada Habershon ta rubuta, Charles Gabriel ya yi mata kari, sannan A. P. Carter, jagoran iyalin Carter, ya sake mata baitoci, iyalin Carter suka ɗauke ta a 1935. A cikinta mutum yana tsaye bakin taga yana kallon motar gawa ta zo ɗaukar mahaifiyarsa, yana roƙon direba ya tafi a hankali, ya raka ta kabari, ya dawo gida ya tarar da kewa, yana tambaya ko zumuncin da mutuwa ta yanke zai sake haɗuwa a lahira. Waƙa ce ta aƙidar Kirista, amma ba sai mutum ya kasance Kirista ba kafin ya gane abin da ake nufi da dawowa daga maƙabarta a shiga gidan da babu uwa. Aiki mai haɗari da talauci da mutuwa da tsoron Allah su ne kayan da aka gina waƙoƙin da su, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya daina damun mutane.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da kundin ya bari a waje. Da'irar da aka zana a 1971 ta fararen fata ce zalla, alhali kiɗan da ake bikinsa yana da baƙin hannu a gindinsa. Banjo kansa bayi 'yan Afirka ne suka ƙirƙiro shi a nahiyar Amurka bisa tsarin kayan kiɗan Afirka ta Yamma masu ƙoƙo da fata da tsirkiya, dangin akonting na Jola a yankin Senegal da Gambiya, kuma duk Bahaushen da ya kalli hoton tsohon banjo na duma zai ga ɗan'uwan gurmi da garaya da molo. Lesley Riddle, baƙar fata mai kaɗa jita, ya yi yawo da A. P. Carter ƙauye-ƙauye suna tattara waƙoƙi, shi ne yake haddace karin, kuma Maybelle ta koyi wasu dabarun kiɗa daga gare shi. Salon da ake kira da sunan Travis ya biyo ta hannun Mose Rager da Ike Everly, kuma ana danganta tushensa da Arnold Shultz, wani baƙar fata na yammacin Kentucky wanda ya rasu a 1931 ba tare da an taɓa ɗaukar kiɗansa ba. DeFord Bailey, mai busa harmonika kuma ɗaya daga cikin taurarin Opry na farko kafin a sallame shi a 1941, yana nan da ransa a Nashville lokacin da ake wannan aiki, amma ba ya cikin faifan. A bangon kwalin kuma an zana tutocin ɓangarori biyu na yaƙin basasar Amurka, har da ta 'yan awaren kudu masu kare bauta, a matsayin alamar sulhu. Wannan bai rage ingancin kiɗan ba, amma ya kamata mai sauraro ya san cewa abin da yake ji rabin zuriyar ne, kuma sai a kashi na uku na kundin, da aka fitar a 2002, aka gayyaci mawaƙi baƙar fata, Taj Mahal.

Akwai kuma batun lokaci, wanda babu wanda ya tsara shi. Junior Huskey ya rasu a watan Satumban 1971, 'yan makonni bayan an gama ɗauka, bai ma ga fitowar faifan ba. Maybelle Carter ta rasu a 1978, Travis a 1983, Acuff a 1992, Jimmy Martin da Vassar Clements a 2005, Scruggs da Watson kuma a 2012, wata biyu tsakaninsu. Da an jinkirta aikin da shekara goma, da babu Maybelle, wadda ita kaɗai ce a ɗakin ta tsaya gaban na'urar Ralph Peer a Bristol. Tsofaffin fayafayanta na shekarun 1920 suna nan, amma suna cike da ƙara da shashshaka, yayin da a nan ake jin muryarta da yatsunta kamar tana zaune a gefen mutum.

Tasirin aikin ya bayyana a hankali, irin na kayan da ba sa yayi balle su fita yayi. Ya jawo samarin birane da ɗaliban jami'a zuwa bukukuwan bulugiras, ya mayar da Vassar Clements daga makaɗin haya zuwa sunan da ake nema, ya kuma faɗaɗa masu sauraron Doc Watson ƙwarai. Kashi na biyu da aka fitar a 1989, wanda Johnny Cash da Emmylou Harris suka shiga, ya ci kyaututtukan Grammy da kyautar kundin shekara ta ƙungiyar kiɗan kantiri, kuma ɗan Junior Huskey ne, Roy Huskey Jr., ya riƙe irin kayan kiɗan da mahaifinsa ya riƙe a na farko. Lokacin da waƙoƙin fim ɗin "O Brother, Where Art Thou?" na shekarar 2000 suka sayar da miliyoyin kwafi ba tare da taimakon rediyo ba, sun bi turbar da aka riga aka share ne. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka kundin farko a jerin shekarar 2005 na sautukan da ƙasa za ta adana, kuma a zauren girmama gwanaye na gidan tarihin kiɗan kantiri da ke Nashville, kalmomin sunan waƙar ne aka rubuta da manyan haruffa kewaye da bango.

A cikin kundin kansa, bayan dukan mahalarta sun haɗu sun rera waƙar taken, Maybelle Carter da Jimmy Martin da Roy Acuff suna karɓar baiti ɗaya bayan ɗaya, ba a rufe da muryar dattijo ba. Abu na ƙarshe da ake ji shi ne Randy Scruggs, ɗan Earl, wanda shekarunsa 18 a lokacin, shi kaɗai da jitarsa, yana kaɗa "Both Sides Now" ta Joni Mitchell, waƙar da ba ta fi shekara huɗu da fitowa ba.